Kula da Rauni da Miki: Jagora ga Mazauna Briqueterie da Baƙinsu

Ya kai mai karatu, ko an haife ka ne a Briqueterie, ko kuwa fatauci ne ya kawo ka Yawunde daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kano ko Injamena, wannan takarda taka ce. Unguwar nan ta masu sana'ar hannu ce. Mahauci yana tare da wuƙa tun asuba, mai tsire yana gaban garwashi har dare ya raba, tela yana fama da almakashi da allura, mai babur ɗin haya yana ratsa lunguna, uwargida kuma ga ta ga tafasasshen mai. Inda ake irin waɗannan ayyuka, rauni ba baƙo ba ne.

Akwai abin da ma'aikatan jinya suka daɗe da lura da shi. Sau da yawa girman raunin farko ba shi ke kwantar da mutum ba. Abin da aka zuba a kansa, da hannun da ya taɓa shi, da kwanakin da aka ɓata kafin a nuna wa masani, su ne ke mai da ɗan yanka ya zama gyambo. A kan waɗannan ukun za mu yi bayani.

Yadda jiki ke ɗinke kansa

Fata katanga ce tsakanin jikinka da ƙwayoyin cuta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar fata ta tsage, jiki yakan shiga gyara mataki-mataki. Cikin 'yan mintoci jini yakan daskare ya toshe ƙofar. Daga nan har kwana 3 ko 4 wurin yakan ɗan kumbura, ya yi ɗumi da ɗan zogi, domin dakarun jini sun taru suna share datti. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin kullum raguwa yake yi. Bayan haka sabon nama ja mai damshi yakan tsiro daga ƙasa, fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe, aikin da kan ɗauki kamar mako 3. A ƙarshe tabo yakan ci gaba da ƙarfafa har shekara guda ko fiye, ko da yake ba ya wuce kamar kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Ashe ke nan jiki ne ke warkar da miki. Aikin mai jinya shi ne ya kawar da duk abin da zai hana jikin yin aikinsa. An daɗe ana cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. A shekarar 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan damshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Shi ya sa a yau asibiti ke rufe miki. Rufin kuma yana kare shi daga ƙuda, da ƙurar rani, da ruwan kwata a lokutan damina biyu na Yawunde.

Hannu kafin magani

A shekarar 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa wanke hannu kafin su taɓa masu jego. Cikin 'yan watanni mace-macen matan ya sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kamar 2 cikin 100. Babu sabon maganin da aka kawo, hannu kawai aka wanke.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙayyade cewa wankin hannu da ruwa da sabulu ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, a cuɗa tafi, da bayan hannu, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce. Idan da man tsabtace hannu na kantin magani ne, daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa, matuƙar babu datti da ido ke gani. Ka wanke kafin ka taɓa miki, ka kuma wanke bayan ka gama. Kada ka tsoma hannu cikin kwanon da kowa ke tsomawa; a zuba maka da buta. Safar hannu tana da amfani, amma ba ta ɗauke maka wankin hannu.

Sabon rauni: abubuwa huɗu bi da bi

Na farko, tsayar da jini. Ka ɗora ƙyalle mai tsabta a kan raunin, ka danna da ƙarfi minti 10 cur ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, ka kuma ɗaga gaɓar sama. Idan jini ya jiƙe ƙyallen, ƙara wani a kansa. Idan wuƙa ko ƙarfe ko gilashi ya nutse cikin nama, kada ka zare shi. A tokare gefensa da ƙyalle a tafi asibiti.

Na biyu, wanki. Ruwa mai yawa shi ne babban maganin sabon rauni. Ka kwarara ruwa mai tsabta a kansa har yashi da datti su fita, ka wanke fatar da ke kewaye da sabulu. Ruwan gishirin asibiti, wanda ake kira sérum physiologique a kantin magani, gishiri ne giram 9 cikin litar ruwa guda. In babu shi, ko famfo ya ɗauke kuma ba ka amince da ruwan rijiya ba, tafasa lita guda, zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, bar shi ya huce a rufe. Wanda ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Na uku, rufewa. Ka nemi ƙyallen asibiti mai raga-raga da ke cikin takardarsa, wanda ake kira compresse. Kada ka ɗora auduga kai tsaye, domin zarenta yana maƙalewa cikin nama. Ɗan man baselin mai tsabta yana hana ƙyallen kamawa. A ɗaure da bandeji daidai wa daida; in yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko suka yi mutuwar kasko, ɗaurin ya matse, a sassauta.

Na huɗu, sauyi. A sauya ɗaurin duk sa'ad da ya jiƙe ko ya yi datti, ko bisa ranakun da ma'aikacin jinya ya yanka maka. In ya kama, jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki, domin fizgar sa tana tafiya da sabon naman. Game da alwala kuwa, malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya, sun halatta shafa a kan ɗaurin ciwo, saboda haka ba sai an kwance shi sau biyar a yini ba.

Raunin da ya buɗe baki, ko ya yi zurfi har ana hango kitse ko jijiya ko ƙashi, ko wanda ya sa yatsa ya daina motsi, yana bukatar ɗinki. An fi son a yi ɗinkin cikin sa'o'i 6 na farko. Kada a ce sai gari ya waye.

Abin da ba a zubawa a miki

Toka, ƙasa, kanwa, garin gawayi, baƙin mai, man birki, man goge baki, kashin shanu, taba: babu ɗayansu da ke da wuri a kan miki. Wasu suna ƙona sabon nama, wasu kuma suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ake gudu. Haka nan fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan ciwo, ko sayen ƙwayoyi biyu uku wurin mai talla a haɗiya. Wannan ba ya kashe cutar, sai dai ya koya mata jure magani, har ranar da za a bukaci maganin da gaske ya ƙi ci.

Ko magungunan kantin ma suna da iyaka. Bétadine da Dakin suna da amfani a wankin farko na rauni mai datti, ko inda ma'aikacin jinya ya umarta. Yawan zuba su kullum a kan nama mai tsirowa yana jinkirta warkewa, haka ma alkwal da ruwan nan mai kumfa da ake kira eau oxygénée. Ba a haɗa iri biyu a kan miki ɗaya. Jan maganin nan, éosine, yana rina fata har ya ɓoye alamun da mai duba ciwo ke nema. Zuma kuwa tana da gurbinta a jinyar wasu ƙune-ƙune da miki, amma wadda asibiti ke aiki da ita tatacciya ce da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ta kasuwa sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Ƙuna

Ƙunar salansar babur a ƙwauri, da ta garwashi, da ta ruwan zafi ko man suya, duk hanyarsu ɗaya. A kwarara ruwa mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, domin zafin yana ci gaba da cin nama ko bayan an janye daga wuta. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro da agogo tun kafin kumburi. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a fasa bororo, domin shi ne rufin da jiki ya yi wa kansa. A lulluɓe da ƙyalle mai tsabta.

A garzaya asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta shafi fuska, hannu, tafin ƙafa, gaba ko mahaɗar gaɓoɓi, ko ta lantarki ce, ko kuma ƙaramin yaro ko tsoho ne ya ƙone. Ƙunar da ta yi fari ko baƙi ƙirin kuma ba ta zafi ita ce mafi muni, domin jijiyoyin jin zafin ne suka mutu.

Sarƙe-haƙora da cizon kare

Cutar sarƙe-haƙora, wadda asibiti ke kira tetanos, ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tsatsar ƙusa ba ita ce cutar ba. Rami mai zurfi da ƙusa ko ƙaya ko sartse ke yi shi ne ɗakin da ƙwayar ke so, inda iska ba ta shiga. Alamun kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: baki ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sandare. Mahauta, da masu harkar dabbobi, da magina, da masu gyaran babur su ne a sahun gaba. Allurai iri biyu ne a asibitocin Kamaru. SAT tana ba da kariya nan take, amma ta 'yan makonni ce. VAT ita ce rigakafin da ke daɗewa, in an cika adadinta. Idan rauninka mai datti ne ko mai zurfi, kuma an haura shekara 5 rabonka da rigakafin, ko ba ka tuna ba, ka faɗa wa ma'aikacin jinya a ranar. Cibiyar jariri ma rauni ce: ke uwa, ke kaka, kada a shafa mata komai sai abin da asibiti ya bayar.

In kare ko kyanwa ko biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cif, sannan a tafi neman allurar haukan kare a ranar. A Yawunde, Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda aka kafa a 1959, tana karɓar waɗanda dabba ta ciza. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana ba a tashi, amma allurar da aka fara da wuri tana tare shi.

Alamun da ke cewa miki ya fi ƙarfin gida

Ka duba mikinka duk lokacin sauyin ɗauri. Ka nufi asibiti ba tare da jinkiri ba in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zogi yana ƙaruwa bayan kwana 2 ko 3 maimakon ya ragu;
- kumburi da zafi suna yaɗuwa zuwa fatar da ke kewaye, ko fatar ta yi tauri tana sheƙi;
- mugunya ko wari;
- kaluluwa a hammata ko a matsematsi;
- zazzaɓi, rawar sanyi, ko majinyaci ya fara ruɗewa;
- nama ya yi baƙi;
- jini ya ƙi tsayawa bayan an danna minti 10.

A baƙar fata ba kullum ake ganin jan da littattafai ke faɗa ba. Ka dogara da taɓawa: gwada ɗumin wurin da bayan hannunka, ka kwatanta da ɗaya gefen jikin. Kana iya zagaye iyakar kumburin da biro. In gobe ya tsallake layin, cutar tana gaba.

Briqueterie tana ƙarƙashin gundumar lafiya ta Cité Verte, wadda ke da asibitin gunduma. Don babban rauni ko haɗarin hanya, akwai Babban Asibitin Yawunde, wato Hôpital Central, da cibiyar agajin gaggawa ta CURY da aka buɗe a 2015 daura da shi.

Mikin da ya ƙi warkewa

Duk mikin da ya kai wata guda bai kama hanyar rufewa ba, akwai dalili a ƙarƙashinsa, kuma sai an gano dalilin wanki zai yi amfani. Na gaba-gaba shi ne ciwon sukari, wanda ke kashe jin zafi a ƙafa ya kuma rage gudun jini. Mai shi yana iya taka ƙusa ya yini bai sani ba. In kana da sukari, duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kullum, da madubi in ta kama. Tsane tsakanin yatsu bayan alwala, zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada kuma ka yanke kanta da reza. Ɗan tsagi a ƙafar mai sukari ba ya jiran mako. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma sukan yi gyambo a kusa da idon sawu, haka ma masu kumburin jijiyoyin ƙafa.

Akwai kuma gyambon Buruli, wanda aka sani a kwarin kogin Nyong, wajen Akonolinga da Ayos, inda mutanen yankin ke ce masa atom. Yakan fara da ɗan ƙullutu marar zafi, daga baya ya fashe ya zama faffaɗan miki mai rami a ƙarƙashin gefensa. Rashin zafin ne ke sa a yi sakaci, wasu kuma su ɗauka sammu ne. Ƙwayar cuta ce, dangin ta tarin fuka da kuturta, kuma tana jin magani na sha na mako 8. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi aikin jinyarsa a asibitin Akonolinga daga 2002 zuwa 2014. In kana zuwa wancan yankin saye ko sayarwa, ka ambata wa likita.

Abinci ma magani ne a nan. Jiki ba ya gina sabon nama sai da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da 'ya'yan itace. Taba sigari kuwa tana tsuke hanyoyin jini ta jinkirta warkewa.

Majinyacin da ke kwance

Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko duk wanda ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kai wa wurin. Cikin sa'o'i kaɗan nama yakan fara mutuwa. Wuraren da za ki duba, ke mai jinya, su ne ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙasan gadon baya, kwatangwalo da dunduniya. A juya shi duk bayan sa'a 2, dare da rana, a raba aikin tsakanin mutanen gida. A ɗaga shi ɗagawa, kada a ja shi a kan shimfiɗa. A sa matashi ƙarƙashin ƙwauri domin dunduniya ta tashi daga katifa. Zanen gado ya zama busasshe, ba tattara, a kuma sauya shi da zarar fitsari ya taɓa. Wurin da ya sauya launi, ko ya fi sauran jiki ɗumi ko tauri, kada a murza shi. A ɗauke masa nauyi a nuna wa ma'aikacin jinya.

Wanda aka yi wa tiyata shi ma yana bukatar ido. OMS ta bayyana a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata mikinsu yana kamuwa da cuta, a Afirka kuma abin yana kaiwa har 20 cikin 100 na matan da aka ciro wa jariri ta tiyata. Ke mai jego da aka yi wa aiki, kada a gasa miki wurin ɗinkin da ruwan zafi, kada kuma ki tsallake ranar wankin ciwo.

Haƙƙinka a ɗakin wankin ciwo

Matambayi ba ya ɓata. Tun 2019 duniya ta keɓe 17 ga Satumba ta zama ranar kare lafiyar majinyaci, kuma ginshiƙin abin shi ne majinyaci da danginsa su zama ido na biyu. Kana da damar ka ga an wanke hannu an sa sabuwar safa kafin a taɓa ka. Allura da sirinji a ɓare su daga takarda a gabanka. Almakashi da hantsaki su fito daga kayan da aka dafa, kada su zama waɗanda aka gama aiki da su a kan wani yanzun nan. A tabbatar da sunanka kafin a yi maka allura, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa a unguwa. Ka faɗi duk maganin da jikinka ba ya so, da wanda kake sha, har da na gargajiya, da abin da aka riga aka zuba a mikin. Ɓoye wannan ba ya cutar da kowa sai kai. Ka yi tambayarka cikin ladabi. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushinta. In Faransanci yana ba ka wuya, tafi da wanda zai yi maka tafinta.

Ƙa'idar nan ba ta tsaya a asibiti ba. Wurin wanzami, ko aski ne, ko ƙaho, ko kaciya, reza ɗaya ta mutum ɗaya ce. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jinin da ido ba ya gani a bakin aska.

Ga matafiyi

In za ka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ko mota zuwa Najeriya ko Cadi, da ɗinki ko miki a jikinka, kada ka tashi sai an rubuta maka a littafin asibitinka abubuwa huɗu: ranar da aka yi ɗinkin, ranar cire zare, sunan maganin da kake sha, da allurar tetanos da aka yi maka. Zaren fuska akan cire shi bayan kamar kwana 5, na hannu da ƙafa kuwa kwana 10 zuwa 14. Ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kuma riƙa ɗaukar hoton mikin duk ranar wanki, domin ma'aikacin da zai karɓe ka a Mubi ko Kusuri ya ga inda aka fito. Ka riƙe kayan ɗauri na kwana biyu a jakar hannu, ka miƙe ƙafar a duk zangon da aka tsaya. Maganin da aka rubuta maka a Yawunde ka shanye shi har ƙarshe, ko da ka ga sauƙi tun a hanya.

A kowane gida da kowace rumfar sana'a a tanadi sabulu, da compresse a cikin takardarsa, da bandeji, da filasta, da safar hannu, a ajiye su wuri ɗaya da kowa ya sani. In ka gama karanta wannan takarda, karanta wa wanda bai iya boko ba, sannan ka miƙa wa maƙwabcinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri.